Maiwada da Kason Ilimi

Maiwada mutumin Ringim ne, amma a Ikko idonsa ya buɗe. Yana saurayi ya bi motar shanu ya sauka Kudu, ya yi dako, ya yi gadi, daga ƙarshe ya samu sana'ar da ta dace da bakinsa, wato sayar da tikitin cacar gwamnati a bakin tasha. A bayan kowane tikiti akwai rubutun da ke cewa da ribar wannan abu za a gina wa 'ya'yan talakawa makarantu. Maiwada bai yi boko ba, amma ya sa an karanta masa, ya haddace, ya mai da shi kirarin talla. Duk wanda ya saya bai dace ba, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba ka yi asara ba, ɗan'uwa, bulo ɗaya ka aza a ginin makaranta." Shi kansa bai taɓa ganin makarantar ba, bai kuma taɓa tambayar unguwar da take ba. Abin da ya sani shi ne kamashonsa yana fita kafin na kowa.

A shekarar 1974 Allah ya kira shi Hajji. Ya tuba daga caca da kuka mai sauti, har alhazan da ke kusa da shi suka ɗauka rasuwa aka yi masa. Da aka gama aikin Hajji, jirgi ya kwashe 'yan'uwansa, shi kuwa ya ce bai ga abin da ya manta a gida ba. Ya gangaro Riyadh, inda aka ce ana neman hannu ko na kuturu ne. Ya faɗa hannun wani Balarabe, Abu Nasir, mai motocin tankar ruwa da suke kira wayit. Abu Nasir ya tsaya masa a matsayin kafili, mai lamunin baƙo a wurin hukuma, ya yi masa iƙama, wato takardar zama, ya miƙa masa makullin mota.

Riyadh ta lokacin kamar an zazzage buhu ce. Titin da ka bi da safe, in ka dawo da la'asar ka tarar an haƙe shi. Ko'ina siminti, ko'ina rodi, kuma duk ginin da ake yi ƙishirwa yake ji. Maiwada ya yi ta jigilar ruwa har aljihunsa ya yi nauyi. Bayan shekara guda ya aika aka kawo masa matarsa Sabuwa da 'yarsu Rabi, suka kama ɗaki biyu a wani tsohon gidan laka a Shumaisi, layin da Hausawa suka yi yawa.

Kaset ne ya jawo maganar makaranta. A wancan zamani haka ake aika gaisuwa gida: a ɗauki murya, a ba wani mai komawa. Sabuwa ta zaunar da Rabi gaban rikoda ta ce ta gai da kakarta. Yarinyar da kullum ke wuni a layi tare da 'ya'yan Larabawa ta buɗe baki ta zuba Larabci tiryan-tiryan. Bayan watanni amsa ta iso. Aka taru a tsakar gida aka kunna, sai ga muryar tsohuwa, mahaifiyar Maiwada, tana cewa, "Na ji jikata tana karatun Alƙur'ani, Allah ya yi mata albarka. To amma ita ba za ta gaishe ni ba ne?"

Maƙwabta suka yi ta dariya. Maiwada bai yi ba. Abin ya soke shi da gaske, domin duk rashin ta-idonsa yana son uwarsa. Ranar Juma'a bayan an sauko, inda Hausawa ke taruwa a Batha kusa da 'yan canji, ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce 'ya'yanmu suna zagi da Larabci, suna mafarki da Larabci, wasunsu ma ba su da takardar da za a karɓe su a makarantar hukuma, suna nan suna gantali. Ya ce a buɗe makaranta, a koya musu allo da ajami da ɗan boko da gaisuwar mutanen kirki. Kowa ya ce wallahi gaskiya ne. Wani har da share hawaye.

Sai aka zagaya da hula. Hular ta dawo da 'yan riyaloli marasa kunya, da sulalla biyu na gida da ba sa aiki a nan, da addu'o'i masu tarin yawa. Waɗannan mutane kuwa ba a taɓa yin lokacin da suka riƙe kuɗi irin na wannan shekara ba. Kowa na rataye da sabuwar rediyo.

Maiwada ya koma gida yana huci. Ya ce wa Sabuwa, "Na san mutanen nan. Ba za su ba da riyal ɗaya don Allah ba, amma za su ba da goma don firji."

Sabuwa ta ɗago daga tsintar shinkafa. "Alhaji, kar dai tsohuwar sana'a ce ke maka ƙaiƙayi. Nan ba Ikko ba ce. Nan in an kama ka, daga kurkuku sai jirgi."

"Wa ya ce miki caca? Ai na tuba."

Washegari ya ajiye tanka a gefen titi a Malaz, ya hau bene wurin Abdulmuttalib, wani ɗalibin shari'a ɗan Zariya da ke karatu da tallafin jami'a. Saurayi ne mai tsabta, wanda ba ya cewa ruwa sai ya faɗi sunansa na Larabcin littafi. Ya saurari Maiwada har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan shi ne maisir, cacar da aka hana. Babu saɓani a kai."

"To, Ustaz, mu bar wannan. In na sayar da sabulu fa?"

"Halal ne."

"In na ga dama na yi wa mai sayen sabuluna kyauta?"

"Kyauta abar so ce."

"In kyautar guda ɗaya ce, masu saye da yawa, na ga kar in yi son kai, na ce a jefa ƙuri'a?"

Abdulmuttalib ya gyara zama. "Ƙuri'a tana da asali. Amma nawa za ka sayar da sabulun?"

"Riyal goma."

"Sabulun riyal ɗaya?"

"Ustaz, ni na ɗora wa wani wuƙa a wuya?"

Ɗalibin ya ɗaga kai ya kalli silin. Maiwada ya ƙara da cewa shi jahili ne, yana tsoron ya kauce, don haka dole a samu malami a kwamiti mai sa ido, kuma ba za a bar malami ya riƙa hawa tasi da kuɗin aljihunsa ba. Abdulmuttalib ya ce mas'alar tana buƙatar bincike. Binciken bai daɗe ba. Ya dawo da sharuɗɗa: dole a damƙa wa kowa sabulunsa hannu da hannu, kuma kada a kuskura a ce wane ya ci, sai dai a ce Allah ya ba wane.

Da Maiwada ya kawo wa Sabuwa labari yana murna, ta ɗauki sabulu ɗaya ta shinshina, ta juya takardarsa ta ga lambar da aka buga. Ta ce, "Ni dai caca na gani mai kumfa."

Kasuwa ta buɗe fiye da yadda kowa ya zata. Kyautar farko mukayyif ce, na'urar sanyaya ɗaki, abin da kowane lebura ke mafarkinsa a zafin Riyadh. Direbobi suka zama dillalai, suna kai sabulu wuraren gini. Mutanen Nijar suka saya, 'yan Chadi suka saya, har wasu 'yan Sudan. Akwai wanda ya sayi katan guda, ya tara a ƙarƙashin gado. An ce a wannan shekara ba a yi leburori masu ƙamshi irin Hausawan Riyadh ba. Maiwada ya sa an yi hatimi ana bugawa a kowace takarda: duk ribar ta ilimi ce.

Aka samu ɗaki, wani sito a bayan gidan Abu Nasir, nan cikin Shumaisi. Aka samu malami, Malam Uba, dattijo ɗan Damagaram mai gadin wani gini, wanda ya taɓa koyarwa a gida kuma yake kewar hayaniyar yara. Yara suka cika ɗakin. Ranar da Rabi ta dawo ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu da aiki," Maiwada ya juya baya don kada a ga idonsa.

Ƙarshen wata kwamiti ya zauna rabon kuɗi a wani gidan abinci a Batha, aka gabato da tiren kabsa, shinkafa da naman rago. A nan Maiwada ya nuna cewa zamansa a Ikko bai tafi a banza ba. Ya ce a kasa kuɗin kashi goma. Huɗu na kyauta ne, domin in babu mukayyif babu mai saye. Ɗaya kuɗin sabulu. Ɗaya na dillalai, domin ba wanda zai yi yawo a rana kyauta. Ɗaya na Abu Nasir, kuɗin hayar sito da kuma ladan kau da kai, tunda ya ce shi bai ga komai ba, bai ji komai ba, "amma fa, ya Hajj, kar sunana ya fito." Ɗaya na Ustaz. Ɗaya na ɗawainiyar shugaba da abincin da ake ci yanzu haka. Saura ɗaya, ya ɗaga shi sama kamar jariri ranar suna.

"Wannan shi ne kason ilimi. Ba mai taɓa shi."

Aka yi kabbara. Sai wani ya tuna ba a biya mai hatimi ba. Wani ya tuna da gangar da ake juya lambobi a ciki, wadda aka sa maƙeri ya yi wa hannu. Ustaz ya lura cewa makaranta ba ta da allon suna, kuma ba ya kyautuwa a ce wurin ilimi babu suna. Duk waɗannan, in aka duba da kyau, hidimar ilimi ce, saboda haka daga kason ilimi suka fita. Abin da ya isa hannun Malam Uba shi ne tabarma biyu, kwalin alli, da rabin albashin da aka yi masa alkawari.

Dattijon ya juya kuɗin a hannunsa. "Alhaji, ba an rubuta duk ribar ta ilimi ba ce?"

"Baba Malam, ai ita ce wannan. Riba ita ce abin da ya saura."

Kuma abin da zai ba ka haushi da Maiwada shi ne bai yi ƙarya ba, bai kuma taɓa sa hannu ya ɗauki abin da ba a rubuta masa ba. Har ransa yana ganin kansa bawan ilimi. In ka ce masa ɓarawo zai yi kuka, kuma kukan na gaske ne.

Wanda Allah ya ba mukayyif ɗin farko wani lebura ne, Lado, mutumin Maraɗi. Ya ɗora ta a ka, ya yi ta zagaya Batha ana yi masa barka. Sai da ya isa masaukinsa ya tuna cewa a rumfar katako yake kwana a wurin gini, inda ko ƙwan lantarki babu. Ya yi sati yana cin abinci a kanta. Maiwada ya je ya tausaya masa, ya saye ta rabin kuɗi, ya sake sa ta a matsayin kyautar wata mai zuwa. Haka aka yi ta yi. Mukayyif ɗin nan ta shiga hannun mutane da dama, kusan dukansu masu kwana a rumfa, kuma ba ta taɓa fita daga kwalinta ba. Rarar da aka samu aka buɗe mata sabon suna, asusun ko-ta-kwana, wanda ya kasance kullum ana samun ta-kwanan da za ta cinye shi.

Tsakanin ƙuri'a da ƙuri'a, a ina ake ajiye mukayyif? A cikin ajin. Sito ne mai rufin kwano, ba taga sai wata 'yar kafa. Da bazara ta kama, yara na karatu gumi na ɗiga a kan alluna yana wanke rubutun. Malam Uba ya zo gaban kwamiti da hularsa a hannu.

"Ga na'ura a kusurwa, ga soket a bango. Ku bari mu kunna ko na sa'a ɗaya ne da rana."

Kwamiti ya tattauna sosai. Ustaz ya ce na'urar amana ce ta wanda Allah zai ba, ba a kuma san ko wane ne ba, balle a nemi izininsa. Maiwada ya ce in aka kunna ta ta zama tsohuwa, darajarta ta faɗi, ciniki ya ragu, kuma wa zai cutu in ciniki ya ragu? Ilimi. Don kare ilimi aka hana. Amma an amince a saya wa Malam mafici.

Daga nan abin ya fara zubewa. Iyayen da suka gyara takardunsu suka kai 'ya'yansu makarantar hukuma, inda ake ba da littattafai kyauta kuma akwai fanka. Rabi ma can ta koma, Sabuwa ce ta kai ta da kanta. Waɗanda suka rage, zafi ya kore su ɗaya bayan ɗaya. Malam Uba ya yi haƙuri iya haƙuri, rannan ya naɗe tabarmarsa ya ce zai tafi Madina ya ƙarasa kwanakinsa inda ko ba a biya shi ba zai san dalili. Maiwada ya raka shi tashar mota, ya ba shi kyautar sabulu.

Ba a jima ba hukumar gari ta zo faɗaɗa titi. Gidan Abu Nasir na kan layi, aka biya shi diyya mai tsoka, ya yi ta rungumar mutane, ya koma sabuwar unguwa. Katafila ta shafe gidan da siton cikin wuni guda. Maiwada ya samu ya fitar da mukayyif da allon suna.

Mai hankali zai ce nan cinikin sabulu ya tsaya. Ko kusa. Babu wanda ya tambaya. Masu saye lambarsu suke dubawa, ba yara ba, yawancinsu ma gwauraye ne da iyalansu ke gida. Maiwada ya shaida wa kwamiti cewa yanzu ne ma buƙata ta ƙaru, tunda sai an gina makaranta ta kansu. Kason Abu Nasir ya koma kason neman fili, aka riƙa ɗaukar tasi ana zuwa bayan gari ana kallon filayen da kowa a motar ya san ba za a sayar wa baƙo ba. Kason ilimi kuwa, da yake babu malami babu ɗalibi, ya huta, ana ranta wa sauran kasonni in sun gaza. Kusan shekara biyu ana haka, kuma a cikinsu ne aka fi ciniki.

Sabuwa ta gaji da ganin 'yan matan layi marasa takarda suna zaune, ta fara tara su a tsakar gida da hantsi tana koya musu ɗan abin da ta sani. Wata rana ta ce, "Alhaji, a ba ni kwalin alli daga kason naku."

Ya ce, "Ki bari in gabatar wa kwamiti. Kin san ba a taɓa kuɗin ilimi haka kawai."

Ba ta sake tambaya ba. Ta ci gaba da gawayi.

Abdulmuttalib ne ya kawo ƙarshen abin, a shekarar 1979, da ya kammala karatu. Aka shirya masa walimar bankwana, aka ce ya yi wa jama'a nasiha. Akwatunansa na ɗaure, tikitin jirginsa na aljihu, kasonsa na ƙarshe ya shiga hannu tun shekaranjiya. Ya miƙe ya yi wa'azi mai ratsa jiki a kan dabarun da mutane ke yi don halatta abin da aka haramta. Ya ce akwai masu canza wa caca suna, su naɗe ta a takarda mai ƙamshi. Bai ambaci kowa ba, sai dai ya ce ko da sabulu aka wanke haram ba ta zama halal. Jama'a suka yi ta kabbara. Maiwada na zaune a sahun gaba da loma a hannu, ya kasa kai ta baki.

Bayan an watse, Lado ya tare shi. Lado ya ci gaba da sayen sabulu duk tsawon shekarun nan, yana fatan Allah ya maimaita, yanzu da ya samu ɗaki mai wuta.

"Alhaji, ni ban damu da wa'azi ba. Amma ka ce kuɗinmu na makaranta ne. Mu je ka nuna mana ita."

Mutane suka ce ƙwarai, a je. Aka ɗunguma zuwa Shumaisi, Maiwada a gaba kamar mai jan sallah. Suka isa bakin wani titi mai faɗi, sabuwar kwalta tana sheƙi, motoci na wucewa da gudu. Ya jira hanya ta yi sauƙi, ya tsallaka da su zuwa tsakiya, ya tsaya a kan dakalin da ya raba hannun zuwa da na dawowa. Ya nuna ƙasa.

"Nan ƙofa take. Malam yana zama can, wajen da jar motar nan ta wuce."

Wani ya tambaya tun yaushe. Ya faɗa musu gaskiya, domin shi ba maƙaryaci ba ne. Wani ya ce a kai shi wurin 'yan sanda. Sai aka dubi juna: duk wanda ke wurin ya sayi lamba, wasu sun yi dillanci, wasu kuma iƙamarsu ta daɗe da mutuwa. Maganar 'yan sanda ta mutu a nan. Lado ya matso har numfashinsa na taɓa fuskar Maiwada. Ya tofar da yawu a kan kwalta, ya tsallaka titi ya tafi. Sauran suka bi shi.

Hukuncin da aka yi masa ke nan: aka daina saye, aka daina ba shi wuri a tabarmar Juma'a. Kwamiti ya narke, kowane ɗan kwamiti ya riƙa cewa shi dama tun farko zuciyarsa ba ta kwanta da abin ba. Maiwada ya koma kan tankarsa cikakken lokaci, kuma ba a ce ya talauce ba, domin Riyadh ba ta daina shan ruwa ba.

Abin da bai warke daga gare shi ba shi ne butulci. Da la'asar yakan zauna shi kaɗai a shagon wani mai shayi ɗan Yaman a Batha, ya yi ta ba shi labari da Hausa, harshen da mutumin bai san ko kalma ɗaya a ciki ba. Yakan ce shi ne mutum na farko da ya kafa wa Hausawa makaranta a garin nan, da guminsa da basirarsa, ba tare da ya ci ƙwandalar kowa ba. Yakan ce matsalar mutanenmu ɗaya ce, ba su damu da ilimi ba. Ɗan Yaman ya gyaɗa kai, ya ce "Tayyib, tayyib," ya goge tebur, ya miƙo hannu a ba shi kuɗin shayi.